Waiwaye: A Canjin Giya Ake Gane Direba

A tashar motar Birnin Ƙonni, fasinja ba ya tambayar direba takardar tuƙi kafin ya shiga. Wannan aikin jandarma ne a bakin shinge. Fasinja yana da nasa ma'aunin, kuma kafin mota ta bar gidajen ƙarshe na gari ya gama yanke hukunci. In ta tashi ba ta zabura ba, lamba ɗaya ta miƙa wa ta biyu, ta biyu ta miƙa wa ta uku, ba wanda goshinsa ya nufi bayan kujerar gaba, sai ka ji wani dattijo ya gyara zama ya ce, "To madalla, yau mun dace da direba." In kuwa ta yi tsalle tun a bakin tasha, giya ta kece da ƙara, kawuna suka yi gaba suka dawo, to salati ne zai cika motar, kuma ba mai runtsawa har a sauka.

Na daɗe ina nazarin wannan hukunci na fasinja, kuma na gamsu cewa a kan gaskiya yake. Canjin giya aiki ne na ƙiftawa da bismilla, amma a cikinsa ake gane ko mutum yana sauraren motarsa, ko yana karanta hanya tun daga nesa, ko yana tuna cewa akwai rayuka a bayansa. Waiwaye adon tafiya. Bari mu waiga mu ga yadda direbobin wannan yanki suka koyi aikin, da abin da ya kamata mu karɓa daga hannunsu tun bai kuɓuce mana ba.

Hanyar da ta reni direbobi

Ƙonni gari ne na mararraba. Babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta biyo Doso da Dogon Dutsi, ta nan take ratsawa ta nufi Madawa, Maraɗi da Damagaram. Kudu kaɗan ga iyaka, ga Illelar Najeriya, daga can sai Sakkwato. A Tsarnawa hanya ta rabu, reshe guda ya yi arewa ta Gidan Idar da Badagishiri zuwa Tawa, kuma daga Badagishiri ake karkatawa a shiga Illelar Nijar. Wanda ya miƙe gabas zai tarar da Malbaza, inda ake yin siminti tun shekarun 1960, sannan Galmi, wadda albasarta ta yi suna har Abijan da Akkara.

Kowane wuri da irin nauyin da yake ɗora wa mota. Wanda ya tayar da babbar mota maƙare da simintin Malbaza da garaje, zai ji ƙaurin kuloci tun bai hau kwalta ba. Albasa tana son tafiya mai laushi don kada lodi ya goce. Dabbobin da ake kaiwa kasuwar Lahadi ta Illelar Najeriya a tsaye suke tafiya, fizga guda ta isa ta kayar da saniya ƙarƙashin kofaton 'yan'uwanta. Ga kuma marasa lafiyar da ake ɗaukowa daga ƙauyuka zuwa asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950: mai naƙuda, mai karaya, tsohon da numfashi ke yi wa wuya. Ita kanta ƙasar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Adar ƙasar tudu da kwari ce, ga duwatsu, ga yashi a ƙoramu, ga laka da damina a kwarin Magiya.

Akwai ma abin da matasan yau ba su tarar ba. Kafin ranar 2 ga Afrilun 1972, Najeriya a hannun hagu take tuƙi irin na Ingila, Nijar kuwa a hannun dama irin na Faransa. Direban da ya ƙetare iyaka tsakanin Ƙonni da Illela sai ya sauya gefen hanya. Motocin can yawancinsu sitiyari a dama yake, hannun hagu ke sarrafa giya. Wanda ya tuƙa na nan ya tuƙa na can, dole hannuwansa biyu su iya aikin.

Makarantar karen mota

Yawancin manyan direbobin da muka tashi muka gani ba daga aji suka fito ba. Iyaye ne ke kai yaro wurin direba su danƙa masa shi amana. Aikinsa na farko babu ruwansa da sitiyari: wankin mota, ɗaurin tamfol, duba ruwa da baƙin mai da asuba, kwance taya a kai faci, da dirowa da gudu a sa weji bayan taya in an tsaya a kan tudu. Yakan yi shekaru a haka. Mai kallo daga waje zai ce bauta ce, kuma gaskiya akwai iyayen gidan da suka mayar da ita bauta, suka ci gumin yara, suka haɗa musu da duka da zagi. Wannan ba abin yabo ba ne, ba kuma abin kewa ba ne. Amma a hannun ubangida na kirki, shekarun nan suna gina wa yaro abin da ba a saye da kuɗi, wato kunne.

Yaron da ya daɗe yana zama kusa da ubangidansa ya haddace muryar inji. Ya san kukan da yake yi in nauyi ya fi ƙarfinsa, ya san wanda yake yi in ya gaji da lamba biyu yana neman ta uku. Tun bai taɓa giya ba, yakan gane lokacin canji ya yi kafin hannun maigida ya motsa. Sai an ga alamar haka ake ce masa ya tayar da mota ya ɗumama ta da safe. Daga nan ya matsar da ita cikin tasha, ya koyi ribas. Sai wata rana, a hanyar da ba kowa, mota ba lodi, maigida ya koma gefe ya ce, "Yaro, zo ka ja mu."

Motocin ma ba su da sassauci. Da yawa daga cikin manyan motocin wancan zamani, lokacin da Berliet ke tashe a hanyoyin Nijar, giyarsu ba ta shiga da taki guda. Sai direba ya taka kuloci ya fitar da giya zuwa firi, ya saki kuloci, in saukowa zai yi daga babbar lamba zuwa ƙarama ya ɗan ba ta wuta, sannan ya sake taka kuloci ya sa lambar da yake so. Ya yi sauri, ta ƙi shiga. Ya yi jinkiri, ta ƙi shiga. Motar da kanta take hukunta mai garaje, a gaban fasinja da 'yan kamasho.

Abin da ke faruwa ƙarƙashin ƙafa

Sanin dalilin abu yana sauƙaƙa koyonsa. Inji, muddin yana kunne, ba ya daina juyawa. Tayoyi kuwa wani lokaci a tsaye suke, wani lokaci a guje. Kuloci ne ke haɗa su, shi ne kuma ke raba su. Faifai ne da ake matse shi jikin wani babban faifan ƙarfe da ke bayan inji. In ka taka, matsin ya sake, inji ya rabu da akwatin giya. In ka fara ɗaga ƙafa, faifan ya fara kamawa. Akwai wani ɗan gurbi a tafiyar ƙafa inda kamun ke somawa: muryar inji ta ɗan sauka, mota ta ɗan yunƙura. Wanda ya wuce gurbin nan da sauri, mota ta zabura ko ta mutu. Wanda ya zauna a cikinsa yana zuba wuta, faifai ya ƙone.

Akwatin giya kuwa musaya yake yi tsakanin ƙarfi da gudu. A lamba ɗaya ta ƙananan motoci da yawa, inji yakan juya wajen sau uku da rabi kafin sandar da ke fita daga akwatin ta juya sau ɗaya, shi ya sa take da ƙarfin tayar da nauyi amma ba ta da gudu. A lamba huɗu ta tsofaffin motoci masu giya huɗu, juyin inji da na sandar daidai suke. Ke nan in za ka hau daga ƙaramar lamba zuwa babba, inji yana buƙatar ya rage juyi. In za ka sauko, yana buƙatar ya ƙara. Duk fizgar da fasinja ke ji, daga rashin jituwar nan take fitowa: an haɗa inji da tayoyi alhali kowa da saurinsa.

A 1928 kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sayar da motoci masu wata dabara a cikin akwatin giya, wadda ke daidaita saurin haƙoran kafin su sarƙe. A motocin da muke tuƙawa yau, wasu ƙananan zobba ne, galibi na tagulla, ke yin wannan aiki. Su suka raba mu da taki biyu. Sai dai su ma suna buƙatar a ba su ɗan lokaci. Wanda ke cusa giya da ƙarfi yana cinye zobban nan a hankali, har ranar da lamba biyu za ta fara ƙara duk sa'ad da aka neme ta. A motoci da yawa kuma ribas ba shi da irin zoben, shi ya sa ba a sa shi sai mota ta tsaya cik.

Yadda Kawu ya koyar

Ni a hannun kawuna na koya, wanda ya ci abinci da Fijo 504 doguwa tsakanin Ƙonni da Tawa. Irin motar nan ce aka riƙa haɗawa a kamfanin Fijo na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, kuma kayan gyaranta ba sa wuya a yankinmu saboda kusancin iyaka. Shi kansa a 404 ya fara, mai giya a jikin sitiyari.

Darasinsa na farko babu totur a ciki. A fili mai shimfiɗa bayan gari, sai ya ce a sa lamba ɗaya, a ajiye ƙafar dama a gefe, a tayar da mota da kuloci kaɗai. A ɗaga ƙafa a hankali har inji ya sauya murya, a tsaya a nan, a bar mota ta ja kanta, sannan a ƙarasa sakewa. A tsaya, a sake, har ƙafar hagu ta san gurbin nan ba tare da ta nemi shawarar kai ba.

Bayan haka ya shigo da ƙafar dama. Ya ce aikin ƙafafun nan biyu lugude ne: mata biyu a turmi guda, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi, ba karo ba jira. Za ka canza, ƙafar dama ta bar totur daidai lokacin da ta hagu ke taka kuloci har ƙasa. Ka canza, ta hagu na tasowa ta dama na komawa a hankali.

Hannu kuma motsi uku yake yi, ba ɗaya ba: fitarwa, ɗan dakatawa a firi, sannan shigarwa. Da tafin hannu da yatsu ake rakiyar giya, ba da dunƙule ba. "Ɗana," yakan ce, "giya ba a yi mata dole. Nuna mata ƙofa, ita za ta shiga da kanta." In ta ƙi, to akwai dalili: ko ba a taka kuloci ya kai ƙasa ba, ko gudun motar bai dace da lambar ba. A gyara dalilin, kada a ƙara ƙarfin damtse.

Jarrabawarsa ita ce ya koma kujerar baya, inda fasinja ke zama, ya rufe ido. "In jikina ya iya ƙirga giyoyinka, da sauranka." Abubuwan da ya hana kuwa ba su da yawa, amma ba ya sassauci a kansu: kada ƙafa ta kwanta a kan kuloci ana tafiya, kada hannu ya kwanta a kan giya, kada a riƙe mota a tudu da rabin kuloci alhali ga birkin hannu, kada a bar ta tana kakkarwa a babbar lamba cikin ƙaramin gudu da sunan tattalin mai. Yau motoci suna da agogon da ke nuna juyin inji, kuma masu koyarwa kan ce ƙaramar mota mai fetur a hau lamba ta gaba tsakanin juyi 2000 da 2500 a tafiya ta yau da kullum. Shawara ce mai kyau ga ɗan koyo, amma lodi da tudu suna sauya lissafi, kuma ido a kan hanya ya kamata ya zauna.

Tudu da gangare

A nan ne ake bambanta wanda ya iya motsa mota da wanda ya iya tuƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Direban da ya san hanya yana zaɓen giyarsa tun yana gindin tudu, yana da sauran gudu. Wanda ya jira sai inji ya shaƙe a tsakiyar hawa, a lokacin da zai taka kuloci mota ta riga ta rasa ƙarfinta, in da nauyi har ta fara neman komawa da baya. Haka yashi: ana shigarsa da lambar da za a fita da ita, domin canji a tsakiyarsa shi ne kafewa.

Gangare ya fi tudu haɗari, don shi ruɗi gare shi. Ƙa'idar tsofaffin direbobi ita ce, da lambar da ka hau tudu da ita za ka sauka. Ƙaramar lamba tana sa inji ya riƙe mota, birki ya huta. Amma akwai wata mummunar al'ada ta sakin mota a firi a gangare don a rage shan mai. Mai yin haka ya ɗora dukkan nauyin mota da lodinta a kan birki kaɗai. Birki in ya yi zafi ƙwarai kamunsa raguwa yake yi, a manyan motoci masu birkin iska kuma yawan taki yana iya rage iskar. Sa'ad da direba zai nemi komawa giya, gudu ya wuce abin da za ta karɓa. Ga kuma abin da da yawa ba su sani ba: motocin zamani masu kwamfuta suna yanke mai ne gaba ɗaya in an ɗaga ƙafa daga totur mota tana cikin giya a gangare, alhali a firi sai inji ya ci gaba da sha don kada ya mutu. Babu ribar da ake samu, sai kasada da rayukan mutane.

Abin da ya sauya

Yau akwai makarantun koyon tuƙi, kuma alheri ne. Suna koyar da dokokin hanya da alamominta, abin da karen mota bai samu a tsare ba a da, kuma sun buɗe ƙofa ga mata da ma'aikata da ɗalibai. Motoci masu canza giya da kansu, waɗanda kamfanin General Motors ya fara yaɗawa a Amurka wajen 1940, sun yawaita a cikin na hannu da aka daɗe ana shigowa da su ta tashar ruwan Kwatano. Amma motocin da ke ɗauke da rayuwar wannan yanki, su Hiyas na fasinja, a-kori-kura na ƙauye, da manyan motocin siminti da albasa, yawancinsu har gobe da hannu ake canza musu giya.

Abin da ya ragu shi ne lokaci. Matashi yana son ya koya wannan wata, ya samu takarda wata mai zuwa, ya ɗauki fasinja kafin Sallah. Mai mota yana son a yi sawu biyu inda ake yin ɗaya. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, man da garuruwan iyaka suka saba samu da araha ya yi tsada, kowa ya shiga neman dabarar tattali, mai kyau da marar kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara. Ba canjin giya ne ke kashe su duka ba. Amma halin da ke sa mutum ya cusa giya da ƙarfi, shi ne ke sa shi ya wuce wata mota a kwana, shi ne ke sa shi ya shiga kasuwar bakin hanya bai rage gudu ba.

Darasin da na ɗauka

Laushin hannu a tuƙi ba ado ba ne, amana ce. Haƙƙin mai naƙudar da ke kwance a baya ne, haƙƙin manomin da albasarsa ke cikin lodi ne, haƙƙin mai motar da zai biya kuɗin faifan kuloci ne. Kuma ba baiwa ba ce da ake haihuwar wasu da ita. Sauraro ne da maimaici, da yarda cewa mota tana da lokacinta wanda ba a ƙetare shi.

Ba na kiran a koma zamanin da yaro zai yi shekaru yana wankin mota kafin ya taɓa sitiyari. Ina kiran a haɗa alherin biyu. Makarantun tuƙi su fitar da ɗalibansu daga cikin gari, su kai su tudu da gangare da yashi kafin su sallame su. Ƙungiyoyin direbobi a tashoshin Ƙonni, Malbaza da Illela su sa sabon direba ya yi wasu watanni kusa da tsohon hannu kafin a ba shi layi shi kaɗai. Masu motoci su daina auna direba da yawan sawu kawai, su duba tsawon ran kuloci da birki a hannunsa. Tsofaffin direbobin da suka ajiye sitiyari, waɗanda ke zaune a inuwar tasha, a nemi iliminsu tun suna raye, a kuma biya su ladan koyarwa. Kai kuma ɗan koyo, ka samu fili, ka kashe rediyo, ka ajiye waya, ka ba ƙafarka ta hagu lokacin da take buƙata. Kada ka ɗauki fasinja sai wanda ya fi ka sani ya zauna a bayanka ya shaida cewa hannunka ya nuna.

Allah ya tsare hanyoyinmu, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.